Gwangwani na Goma Sha Uku

Ni ne akawun gidan burodin nan
da ke bayan tashar Kwangila.
Shekara tara ina ƙirga buhu,
ina ƙirga itace, ina ƙirga asara,
har na koma ƙirga halin mutane.

Baba Tanimu, hannunsa sikeli ne.
Ya damƙi gishiri, ka auna, ba ƙari ba ragi.
Burodin da ya gasa bara waccan
shi ne wanda ya gasa jiya.
Masu shayi daga Samaru har Ɗanmagaji
ko a duhu sun san ƙamshinsa.
Ka ce, Baba, a gwada kaza,
sai ya kaɗe gari daga gemu:
"Wanda ya san hanyar gida
me ya kai shi tambayar daji?"

Haladu ɗan Gyallesu kuwa,
kansa kasuwar Sabon Gari ce ranar jajibiri.
Litinin burodin kwakwa, Talata na dabino,
Laraba ya manta da su duka
yana zancen injin da ya gani a waya.
Rijiya goma ya haƙa, kowace iya gwiwa.
Buhu huɗu na rubuta da sunansa
da jan biro.

Rifkatu daga Wusasa take zuwa
a kan keken ƙanenta, gari bai waye ba.
Ta yi kwaɓi, ta yi bakin tanderu,
ta yi rabo a bayan a-kori-kura,
ta ji abin da mai shayi ke faɗa in an juya baya.
Gwangwani sha biyu na kowane faranti
tana cika su yadda Baba ya koya mata,
ko ƙwayar sukari ba ta ƙarawa.
Na sha uku nata ne.
Ta karce gindinsa da ƙusa.

A cikinsa na ga rogo ya sha ƙasa,
acca ta ƙi tashi,
dawa ta fito kamar tubali.
Ta gutsura, ta yatsine fuska,
ta rubuta a littafi mai bangon kwali,
ta wanke hannu, ta koma kan sha biyunta.
Ba ta zaman makokin gwaji,
ban kuma taɓa ganin ta yi wa aikin kullum hamma ba.

Da fulawa ta yi tashin gwauron zabi
maigida ya tara mu a gindin darbejiya.
Baba ya ce a rage wa burodi jiki.
Haladu ya ce a bar burodi, a koma biskit.
Ita ta buɗe shafi:
dankalin Hausa, dafaffe, kashi ɗaya cikin biyar,
gwaji na talatin da ɗaya.
"Haladu ne ya faɗa wata Talata, ya manta.
Na tsinta.
Amma ruwan ya fi ƙarfina.
Baba, taɓa ka ji."

Tsoho ya daɗe yana kallon kwaɓin
kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Sannan ya tsoma yatsa.
"Rage kofi biyu," ya ce, bai dubi kowa ba.

Ba ya kwana uku, sabon burodin,
kuma mai shayin Tudun Wada ɗaya ya bar mu.
Sauran sun tsaya. Tanderu bai huce ba.

Jiya maigida ya ce in rubuta talla,
yana son irinta guda biyu.
Na zauna da biro har la'asar.
In ce me? Mai haƙuri? Baba ya fi ta.
Mai dabara? Haladu ya ninka ta.
Wadda ke riƙe igiya biyu ba ta harɗe ba,
ta san wacce za ta ja da asuba,
wacce za ta sassauta?
Littafina layi biyu gare shi, shiga da fita.

Na leƙa ta taga.
Tana goge gwangwanin nan mai karce,
ga ƙullin garin gero a gefenta.