Haƙorin Nayeli

Ranar Talata ake ganin mata.
Na bar gonar barkono da rana tsaka,
hannuna na yaji, ban tsaya wankewa ba.
Mil arba'in daga Hatch zuwa Las Cruces,
akori-kurata na tari irin nawa.

Gidan waƙafin gunduma: tuta biyu,
bishiya ɗaya da ta kasa yin inuwa,
da layin mutane, kowa na kallon takalminsa.
Doña Eufemia ta riga ni, kamar kullum.
Shekara guda tana zarya saboda jikanta.
Ita ta koya mini: cire ɗamara tun a mota,
kada ka ja da gandiroba,
hawaye kuma ka riƙe shi sai ka fito.

Makulli, hula, tsabar kuɗi, wuƙar yankan igiya,
na zube su a akwatin ƙarfe mai lamba tara.
Na ratsa ƙofar nan mai ihu in ta ji ƙarfe.
Ta yi shiru.
Ina ruwan na'ura da haƙorin yarinya
ƙunshe a takardar alewa cikin aljihun ƙirji?

Minti ashirin.
An kafe kujerar a ƙasa, kada wani ya matsa kusa.
Gilashin duk shatin goshi ne
da yatsun waɗanda suka zauna kafin ni.
Sai ga Yesenia, cikin riga ruwan lemo
da za ta ɗauki biyunta.
Rabon da in ga kunnenta babu 'yan kunne
tun tana wata uku a duniya.

Wayar na warin bakin wani.
"Baba, ka ci abinci?"
Ji fa. Wai ita ke tambaya.
Na ce, "Lauya fa?"
"An ɗaga zuwa watan gobe."
An ɗaga. Karo na uku ke nan.
Ba a ce ta yi ba, ba a ce ba ta yi ba.
Dala dubu biyu da ɗari biyar ce tsakaninta da titi,
ɗari tara gare ni a gwangwanin kofi.

Motar saurayi ce, ƙullin ma nasa ne.
An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.
Wannan tsuntsun ya kira, ya tashi Arizona,
ruwan ya sauka kan 'yata.
Ban faɗa ba. Na faɗa tun bara, me ya hana?

Na warware takardar a hankali.
Na manna shi jikin gilashi da ɗan yatsa,
ƙarami, fari, kamar ƙwayar masara ɗanya.
"Ta ƙi sa shi ƙarƙashin matashi.
Ta ce ɓeran da ke kawo kuɗi ya jira,
sai Mama ta gani."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.
"Na sama ko na ƙasa?"
"Na ƙasa. A jikin tuffa ya fita."
"Me ka ce mata?"
"Kina aiki a nesa."
"Ta yarda?"
Na duba haƙorin.

Gandiroba ya ƙwanƙwasa da bakin makulli:
ba a ɗora kaya a gilashi.
Kaya.
Na sauke.

Ta kama wayar da hannu biyu.
"Baba, ka gaya mata, ka ce ta..."
Layin ya mutu. Bakinta na motsi,
ni ban iya karatun leɓe ba.

Mil arba'in ina ƙarasa mata magana.
Ta wanke baki? Ta daina tsoron duhu? Ta jira?
Kusa da gida na zaɓi ɗaya.

Da dare na buɗe gwangwanin kofi.
Nayeli na barci, harshenta a giɓin.
Na ɗaga matashi, na yi aikin ɓera.
Saura ɗari takwas da casa'in da tara.