Riga Goma Sha Ɗaya

Daren da aka kira sunaye sittin
muna falon Mama a Selma. An soya kaji,
an aro kujeru daga coci.
Na sittin ya wuce, ba Lavell Pettaway.
Kawu Roscoe ya miƙe ya kashe talabijin,
ya ce a ci naman tun bai huce ba.

Sai Dakota. Awa tara cikin bas,
masara hagu, masara dama,
ƙafafuna a naɗe kamar tabarmar aro.
Kullum ana cewa manya za su bugo waya.
Suka bugo kuwa.
Wendell suke nema, wanda muke raba ɗaki da sabulu.
Ni na riƙa masa jaka zuwa bakin ƙofa.

Da babu gara ba daɗi.
Dillalina ya ce Finland,
inda rana kan leƙo da hantsi ta juya
kamar mai bin bashi ya tarar da ƙofa a garƙame.
Gadon ya gaza ni da taƙi guda,
dugadugaina suka yi wata bakwai bisa kujera.
Maki ashirin da shida a dare ɗaya,
mutum ɗari huɗu na tafi da safar hannu,
ina ganin tafin, ba na jin sa.

Na iya "albashi zai ɗan makara"
cikin harshe biyar.
A Kosovo mai kulob ya miƙo rabi cikin ambulan,
ya cike gurbin da buhun tattasai da rantsuwa.
A Uruguay sun karya sunana gida uku suna rerawa,
ni kuwa na fi son sa a karye.
A Mongoliya wani yaro ya ɗora tafinsa kan nawa,
ya duba, ya sake dubawa,
ya ruga kiran ƙaninsa.

Baƙo raɓa ne.
Ka zubar da wasa biyu a jere,
tikitinka na kan tebur kafin guminka ya bushe,
wani dogon ya riga ya sauka a filin jirgi,
takalmi rataye a wuya, gwiwa sabuwa fil.

An haifi Marlise ina kan layin jifa a Paysandú.
Na jefa biyu, ɗaya ta shiga.
Cikin waya ta yi rarrafe,
cikin waya ta famfare haƙori.
Yanzu tambayarta ɗaya:
"Baba, wajenku jiya ce ko gobe?"
Nakan duba agogo biyu kafin in amsa.

Gwiwar hagu ta fara magana ina da talatin da ɗaya.
Ba ta ihu.
A matakala take faɗin gaskiyarta,
da asuba, da ranar da hadari ya haɗo.
Ina toshe mata baki da ledar ƙanƙara,
ta yi shiru na minti ashirin.

Riga goma sha ɗaya ke cikin akwatina,
biyu an rubuta sunana ba daidai ba,
ɗaya na tallar kamfanin siminti,
ɗaya har yau tana warin bas.
Ba wadda aka rataya a rufin wani zaure.
Mama ce ke so, wai za ta ɗinke su bargo.

Yau ina arewacin Portugal, rukuni na biyu,
shekara talatin da biyar.
Saƙon dillali ya kwana uku ban amsa ba:
Iceland, wata huɗu, da mota.

Sha ɗayan dare. Abílio mai gadi
ya kashe fitilu ya bar mini guda.
Ƙwallo ta bar yatsuna,
ba ta taɓa ƙarfe ba,
raga ta yi wannan 'yar ajiyar zuciya
da na bi rabin duniya ina saurare.

Abílio ya kaɗa makullai, ya ɗaga haɓa: saura nawa?
Na nuna masa yatsu goma.
Ya san ƙarya ce.
Ya zauna kan benci, ya ciro lemo daga aljihu,
ya fara ɓarewa a hankali.