Zaren da Ya Haye Kogi

Kakata Youa ba ta san harafi ko ɗaya ba,
amma ta rubuta ƙauye guda da allura.
Ga shi nan a kan shuɗin ƙyalle:
duwatsun Laos, gonar masara,
da wata mace mai goyo
wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa uku tsawo ba.

"Ni ce," in ji ta. "Goyon kuma uwarki."

Sama da su, jirage da jan zare.
Ƙasa, kogin Mekong ya raba ƙyallen gida biyu,
mutane rungume da sandunan gora.
Na ƙirga su a wannan gaɓa: goma sha ɗaya.
Na ƙirga a waccan: tara.
Ban tambaya ba. Ita ma ba ta ɗago kai ba.

A sansanin gudun hijira ta soma shi,
a Minnesota muke ƙarasawa,
inda dusar ƙanƙara ke kwana a bakin ƙofa.
Harshenta a bakina gurgu ne,
in na furta kalma sai ta yi dariya har da tari.
Sai muka bar wa yatsu hirar.

Ɗinkina na fari ta warware shi tas.
Na biyu ma.
Na uku ta juya bayan ƙyallen,
don a can asirin maɗinki yake,
ta shafa ƙullin da babban yatsa,
ta ce, "To."
Iyakar yabon ke nan.

A gefen da ya rage fili
na ɗinka benen da muke haya, da ita a taga.
Ta ce hancin ya yi girma.
Ta ce ƙanƙarar ma ba haka take fari ba,
in sa toka-toka, kada in yi wa jikoki ƙarya.

Bara da kaka, Kaka ta tafi.
Allurar na nan inda ta soke ta,
tsakiyar kogi, da guntun koren zare a kafarta.
Ban san me ta nufa ba,
ko ganye ne, ko rigar wani.

Jiya 'yata Sua, mai shekara shida,
ta taka kujera ta ɗora yatsa a kan ruwan,
tana ƙirga da ƙarfi.
Ta kai tara. Ta sake.
Ta juyo tana dubana.

Na miƙa hannu, na zaro allurar.