Wa Ya Kashe Sarauniyar Toka?

A rumfar cajin Tasi'u, daf da Ƙofar Kabuga,
wayoyi goma sha ɗaya na shan wuta a jere,
mu kuma musu ya hana mu zama.

Mudassir ya rantse maƙerin ne.
"Ku je mataki na tara, ku ɗaga takobin,
tambarinsa na nan jikin kube."
Shamwilu ya dangwarar da kofin shayi:
"Kai da ka fara wasan bayan babbar salla!
Ba ta mutu ba. Kogin Gishiri ta faɗa,
shi ya sa kifayen can ke magana da muryar mata."

Ni na karanta wasiƙar da ke ƙasan rijiya,
wadda kowa ke tsallakewa don sauri.
Layi ɗaya ce: na gaji da sarauta.
Ban faɗa ba.
Wa zai saurari mai wayar da gilashinta ya tsage?

Janareto ya yi tari biyu, ya mutu.
Tasi'u, da bai taɓa buga wasan ba,
ya dalle mu da tocila:
"Ko ma wa ya kashe ta,
caji dai ɗari-ɗari ne."