Kwana Tara na Arzika

Teburina yana gindin dogon yaro,
tsallaken titi daga kotu.
Tafiretata ba ta san ƙugiya ba,
ni ke bin ɗa da ƙa da biro
ina lanƙwasa musu kai.

Nan Arzika ya same ni ranar Talata,
rana ta tausasa kwaltar Sakkwato,
ya zauna a bakin benci
kamar mai tsoron a caje shi kuɗin zama.

Ya ce, "Malam, shekara shidda
ina kwaɓa hulawa gidan burodi, can Mabera,
tun kahin ladan shi gyara murya.
Zazzaɓi yak kada ni kwana tara,
leda huɗu ta ruwa anka ƙara min.
Da nit tashi nik koma,
sai ga wani yaro cikin rigar aikina.
Alhaji Tsalha yac ce
wanda bai kwaɓa ba, ba shi da toyi.
Rabin wata yam miƙo min, yaj juya baya."

Na ce, ina takardar ɗaukar aiki?
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Hannu munka yi bayan la'asar,
gaban mai shayi.
Mai shayin ya rasu bara."

Na ajiye biro.
Na ce, Arzika, doka tana da baki,
kunnenka ne ba a kai wurinta ba.
Ta ce kafin wata uku ya cika
a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce:
nawa ne, yaushe ne, sallama ta yaya.
Ta ce ciwo ba sata ba ne,
kwana goma sha biyu a shekara
in likita ya sa hannu, albashi na tsaye.
Naka tara ne. Har da canji.
Wanda kuma ya haura shekara biyar
ba a korarsa kamar kaza daga shanya,
wata guda ake sanar da shi,
ko a biya shi watan.

Ya laluba aljihu.
Katin asibiti ya fito da tabon mai,
Ige ta ƙunshe wa yara ƙuli a ciki,
amma hatimin likita na nan da ransa.
Sai waya mai tsagaggen gilashi,
muka bi saƙonnin banki ɗaya ɗaya,
ashirin da biyu,
kowanne da sunan gidan burodin a goshi.
Na ce, ga mai shayinka ya dawo.

Sai ya yi shiru.
Wani mai lemo ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa.
"Malam, shi yas sai min ragon suna
da anka haihi Tumba.
Ƙaƙa zan kai shi ƙara?"

Ban yi saurin amsa ba,
na san nauyin rago a wuyan talaka.
Na ce, rago alheri ne, ka gode, Allah ya saka.
Gumi bashi ne.
Ba a yanka ɗaya a ce an biya ɗayan.
Ba kotu za mu fara ba,
wasiƙa ce, da sallama a samanta,
kwafi guda ga ofishin ƙwadago.
In ya buɗe ƙofa, shi ke nan.

Na buga. Na bi ƙugiyoyi da biro:
haƙƙi, ƙarfi, ɗawainiya.
Na tura masa tawada ya dangwala.

Ya danna babban yatsa, ya ɗaga.
Babu zane.
Dunƙulen shuɗi kawai, sumul kamar ƙwai.
Ya sake, ya ƙara dannawa. Haka.
Tiren burodi mai zafi
ya cinye layukan da aka haife shi da su.

Ya ce, "Ya ɓaci ko? A sake wata?"

Na hura takardar ta bushe.
Na ce, a'a. Bar ta haka.
Alhaji ya san hannun.