Huda Uku

Shekara goma sha tara ina riƙe mata ido.
Ba nata ba, wancan siririn na ƙarfe
mai fitila a baki,
da muke zurawa ta cibiya.
"Hagu kaɗan, Saratu. Tsaya nan."
Sai in tsaya, har da numfashina.

Dakta Ige ɗiyar baduku ce.
Ta tashi tana kallon mahaifinta
yana bin fatar jan akuya da basilla.
Shi ya ce mata: yanka na mai gaggawa ne,
gwani huda yake yi.

Da ta dawo Sakkwato daga karatu, babu kayan aiki.
Ta samo kwalin sabulu ta huda shi uku,
ta kifa wayarta a kai,
dare bayan dare tana tsintar wake da dogon hantsaki
har ta iya ƙulla zare ba ta ga yatsunta ba.
Manya suka yi dariya:
cikin da ba a buɗe ba, ina aka ga aiki?

Sai ga Kulu daga Kware,
ƙari a mahaifa kamar goruba biyu,
jini wata bakwai, ido fari fat.
Ba wuƙa take tsoro ba.
"Likita, in na kwanta wata biyu,
wa ka tsare min rumfar albasa?"

Muka hura cikin da iska.
A allo komai ja, yana motsi a hankali.
Ana tsaka da aiki wuta ta ɗauke.
Zufa na bin gadon bayana.
Dakta ba ta motsa ko yatsa ba,
ƙirga kawai take yi a cikin duhu
har janareta ya yi tari ya tashi.
Arba'in da ɗaya.

Kwana biyu Kulu ta sauko da ƙafarta,
ta ɗaga riga tana neman ɗinki,
ta rantse an cuce ta, ba a yi mata komai ba.
Sai da muka kawo mata kwalbar.

Yau aka yi walimar sallama.
Jawabi, lemo mai ɗumi, hoto.
Likitoci shida da ta yaye sun jeru a bayanta.
Ba wanda ya ambaci kwalin,
yana nan saman kabad, gefensa ya lotsa.

Gobe ƙarfe takwas akwai aiki.
Wata murya za ta ce hagu kaɗan,
ta tarar hannuna ya riga ya je.