Gangarar Riruwai

Shekara talatin ina hawan dutsen nan
da buhun masara a bayan keke,
ban taɓa sanin wasa ba ne.

Sai ga su ran Asabar, bayan ɗaukewar ruwa,
mota ta sauke su a gindin ɗorawar da nake faci.
Su biyar, da hular kwano mai ƙofofi,
wando ya ɗame cinya kamar fatar kalangu,
tayar kekunansu damtsen maƙeri,
giya a jere, ka ce haƙoran zarto.

Babbansu, Nazifi, ya ce, "Baba Jatau,
an ce kai ka san hanyar da mota ke tsoro.
Nawa za mu biya ka kai mu mu sha wuya?"
Na dube shi, na dubi sama.
Ashe wahala ma tana da kasuwa,
mu ne ba mu san ranar da take ci ba.

Na jawo tsohona, baƙi wuluk,
mai sarƙa tana tari tun daga gida,
wanda birkinsa dunduniyar takalmina ce.
Muka bi burtali, dawa ta rufe mu har ka,
muka ratsa ƙorama mai cizon idon sawu,
muka wuce ramukan kuza
inda mahaifina ya bar ƙarfin bayansa.
Yanzu ruwa ne kore shar a ciki,
kwaɗi ke aikin dare.

Daga nan hanya ta miƙe tsaye.
Su suna latsa giya, ƙas, ƙas,
ni ina latsa gwiwa.
Wani gwaggon biri a kan fa
ya ajiye kanyarsa yana ƙirga mu.

Dab da ƙoli sarƙaƙiya ta gaida baƙo.
Fuuu, tayar Nazifi ta kwanta.
Ƙaya ba ta tambayar kuɗin keke.
Na zauna a kan dutse mai ɗumi,
na lalubo hujin da fatar leɓe,
na kankare, na shafa, na manna, na hura.
Su kuwa sun juya mini baya, sun yi tsit.
Na ɗaga kai in ga me ya kama bakinsu:
kurmi ne ya shimfiɗu har Falgore,
inuwar gajimare na kiwo a kansa,
rugar Ja'e ga ta can kamar ƙwarya uku a kife.
Ni da idona bai taɓa wuce tayar gaba ba.

Ya ce, "Nawa ne facin?"
Na ce, "Ara mini naka zuwa ƙasa."

Kai, gangara!
Ba buhu a baya, ba tsoron hatsi ya zube.
Saiwa ta taso, keken ya haɗiye ta.
Dutse ya tare, ya tsallake kamar ɗan akuya.
Iska ta cika mini riga, ta fizge hulata,
na bar mata sadaka.
Maɗaci, marke, ƙirya,
ko gaisawa ba mu yi ba.
Fakara ta tashi fir daga ƙarƙashin feda.
Na ji wani yana ihu a cikin kurmin,
wani tsohon banza marar kunya,
sai da na kai ƙorama na gane muryar.

Nazifi ne ya iso ƙarshe, a ƙasa, yana turi,
dunduniyar takalminsa ta cinye.
Ya ce, "Baba, wannan ba keke ba ne, jarrabawa ce."
Suka sha fura, suka ce wata mai zuwa su ashirin ne,
in tanadi roba da famfo.

Litinin na ɗaure buhuna, na kama hawa.
A wurin sarƙaƙiyar nan na sauka,
ba don gajiya ba.
Na jingine keken.
Masara ta jira.